Hitar bango ta daina zafi kafin ta shekara: ruwan bohol ne ko ƙarfinta ne ya yi kaɗan?

Ɗan Arkilla:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin famfo da na wuta, domin sanyi ya kawo kai kuma abin yana damuna.

A Arkilla nake zaune, nan Sakkwato. Mahaifiyata tana wurina, ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa da na yatsu. Inna ba ta yarda a tashi wani da asuba don ya ɗora mata ruwa. Sai ta lallaɓa ta yi alwala da na famfo, ta dawo yatsunta sun ƙage, ko carbi ba ta iya ja sai hantsi. Shi ya sa bara na sa mata hitar bango a banɗakinta, irin wadda ba ta da tanki, ruwa na wucewa tana ɗumama shi. An rubuta kilowat 3.5 a jikinta.

Watan farko lafiya lau, in dai an rage famfon. Idan aka buɗe shi sosai ruwan ba ya wuce ɗumi-ɗumi, don haka muka saba matse shi har ya koma kamar tsiyayar buta, a lokacin ne yake yin zafi har da tururi. Yanzu kuwa ko an matse, sai ta kama ta saki, ta kama ta saki, tana wata ƙara kamar ana soya gyaɗa a ciki. Jiya na kwance kan shawar, na ga rabin hujojin sun toshe da wani farin abu mai tauri kamar ƙanzo. Irinsa ne a gindin butar shayinmu. Ruwan bohol ɗin gida muke sha, kuma tun zuwanmu matata take cewa sabulu ba ya kumfa da shi.

Wanda ya sa min ita ya ce in jefar in sayo babba. Ni kuma ina tsoron in kashe kuɗi babbar ma ta mutu haka. Yaya ake sanin girman da ya dace? Kuma wannan farin ƙanzon yana fita?

Mai Famfo Na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka maka da alheri.

Malam, matsala biyu gare ka, kuma ɗaya ce ta haifi ɗaya. Bari in fara da girma.

Hita marar tanki ba ta ajiye zafi. Abin da za ta iya shi ne ta ɗaga zafin ruwan da ke ratsa ta a wannan daƙiƙar, don haka lissafinta ƙafa biyu gare shi: lita nawa ke wucewa a minti ɗaya, da digiri nawa kake son a ƙara. Ka ninka lita da digiri, ka sake ninkawa da 0.07, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da kake buƙata. Kuskuren da na fi gani shi ne a gwada hita da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da ruwan tanki da kansa yake ƙona hannu, a ce ai tana aiki. Ruwan asubar Janairu, wanda ya kwana a tankin sama iskar hunturu na dukansa, shi ake yi wa lissafi.

A ce ruwan tankinka da asuba digiri 18 ne, kana son 40. Ƙarin 22 ke nan. Hita mai 3.5 ba za ta ba ka fiye da lita biyu da kwata a minti ba. Wannan ma sai in ƙarfin wuta ya cika bolt 230. Idan ta sauko 190, ƙarfin hitar ba kaɗan yake raguwa ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke tafiya, ta koma kamar mai 2.4, ruwan kuma lita ɗaya da rabi. Ga dalilin da ya sa kuke matse famfo.

Shawa mai daɗi tana son kamar lita 5 a minti. A wancan sanyin wannan kilowat 7.7 ne, wanda zai ja amfiya 33 da ɗoriya. Kafin ka yi sha'awarta ka duba gidanka: tana son wayarta ita kaɗai tun daga allon wuta, mai kaurin sukwaya-milimita 6 ko fiye gwargwadon nisa, da birekarta. Ƙaramin janareto ko inbatar gida ba sa ɗaukarta. Na sha zuwa gidan da aka jona irin wannan a wayar soket, na tarar robar wayar ta narke a cikin bango.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: ko wace iri ce, a tabbatar akwai wayar ƙasa, wato atin, da na'urar ELCB mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara zurara. Tsohuwa ce za ta tsaya a jiƙaƙƙen daɓe ba takalmi.

Ka yi min abu uku gobe da asuba. Ka auna zafin ruwan famfon, ka tara bokiti ka ga lita nawa yake zubarwa a minti ɗaya, ka sa a auna maka wutar a lokacin da hitar ke kunne. In ka kawo waɗannan sai mu yi magana a kan saye. Kada ka jefar da ta yanzu tukuna.

Malamar Kimiyya:

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Ni zan taɓa ɓangaren ruwan, domin shi nake koyarwa, kuma gidan iyayena a Wamakko irin ruwanku ne.

Yankinku a kan dutsen farar ƙasa yake. Shi ne dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Ruwan da ya ratsa ta cikinsa yana ɗauko sinadarin kalsiyam, wani lokaci da maganisiyam, a narke, ido ba ya gani. Da zarar an dafa shi sai abin ya fita daga ruwan ya manne wa ƙarfen da ya fi zafi. Wato farin ƙanzon nan dutsen ne ya koma dutse a cikin hitarka. Kuma yana ƙaruwa da sauri idan zafi ya haura digiri 60.

To ka ga inda maganar Mai Famfo ta haɗu da tawa. Duk sanda kuka matse famfo har ruwa ya yi tururi, ɗan ruwa kaɗan ne ke kwance a kan ƙarfe mai tsananin zafi, a nan ƙanzo ke samun wurin zama. Shi kuma ƙanzon ba ya barin zafi ya ratsa, sai ƙarfen ya ƙara zafi, hanyar ruwa ta ƙara tsukewa, na'urar kariya ta yanke wuta. Kama-da-sakin da kake ji ke nan. Ƙarar kuma ruwa ne ke tafasa a ƙarƙashin ɓawon.

Mutane suna haɗa wannan da zartsi, alhali ba lallai su zo tare ba. Ruwa yana iya yin garɗi a baki amma ya cika da kalsiyam. Haka nan ɗan abin awon nan mai kama da biro da masu sayar da matatar ruwa ke tsomawa a kofi, jimillar duk abin da ya narke yake nunawa, ba ya ware kalsiyam. A sami takardar gwajin taurin ruwa, ko a kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji. A ma'aunin da aka saba, ƙasa da miligiram 60 a lita ruwa ne mai laushi, daga 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tauri ƙwarai. Kafin nan ga gwajin gida: gora biyu, ɗaya ruwan bohol, ɗaya ruwan sama ko na leda, ɗigon sabulun ruwa daidai wa daida, a girgiza. Za ka ga ɗaya ta yi kumfa, ɗaya ta yi fari kamar tsinkakken nono.

Yana fita kuwa, tsami ne maganinsa. Ka ɓantaro kaɗan daga butar shayin ka ɗiga masa farin khal, za ka ga yana tsiri yana kumfa. Farin khal ko garin sitirik asid, wanda masu kayan haɗa lemo ke sayarwa, su ne daidai. Ina roƙonka kada ka bari wani ya zuba mata ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil. Suna cinye ƙanzon, su ci jan ƙarfen da robobin ciki tare da shi.

Baban Hadiza, Birnin Ƙonni:

Salamu alaikum. Mu ma nan haka ruwan wasu unguwanni yake, Malbaza mai kamfanin siminti tana kusa da mu. Ni dai na bar ta wuta na koma ta gas shekara uku ke nan, kuma ita nake ba ka shawara. Wadda aka rubuta wa lita 10 tana nufin lita 10 a minti da ƙarin digiri 25, wato ƙarfinta ya kai kilowat 17. Babu wayar gidan talaka da za ta ba ka haka. Batir biyu ne ke kunna ta, ba ruwanta da ɗauke wuta. In an buɗe ta duka tana shan gas wajen kilo ɗaya da rabi a awa, amma wa ke wanka na awa guda?

Sharaɗinta biyu. Tana son ruwa mai ƙarfi, in tankinka bai da tsawo ba za ta kama ba. Kowace mita ɗaya ta tsawo kashi ɗaya cikin goma na "bar" take bayarwa, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, sai ka duba abin da aka rubuta a takardarta. Na biyu, a waje ake kafa ta, inda iska ke kaɗawa. Ba a sa ta a cikin rufaffen banɗaki ko kusa. Hayaƙinta ba ya wari, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi.

Ƙanzo kam ita ma tana yi, kada wani ya ce maka ba ta yi. Ina wanke tawa sau biyu a shekara.

Mai Famfo Na Tudun Wada:

Baban Hadiza ya faɗi gaskiya a kan gas, ga gida mai mutane da yawa ita ce. Amma ga banɗakin tsohuwa ɗaya, wadda alwala ce babbar buƙatarta, ban ga dalilin kai silinda da tiyo kusa da ɗakinta ba. Lita biyu a minti ya ishi alwala.

Ga yadda nake wankin, Malam. Ka kashe bireka, ka tabbatar da abin gwaji cewa babu wuta. Ka rufe ruwa, ka kwance tiyon shiga da na fita. A bakin shigar akwai 'yar rariya, ka zaro ta ka goge da tsohon buroshi. Sau da yawa rabin matsalar a nan take, yashin bohol ne. Sai ka nemo ɗan famfon nan na cikin iyakula, ka sa shi a bokiti mai khal lita huɗu, ko ruwa lita huɗu da sitirik giram 200 zuwa 300. Tiyo ɗaya daga famfon zuwa bakin shiga, ɗaya daga bakin fita ya dawo bokiti. Ka bar shi yana zagayawa minti 45 zuwa awa ɗaya. Kan shawar ka jefa shi cikin bokitin. Bayan nan ka ɗauraye da ruwa mai kyau na minti goma, ka tabbatar ruwa ya cika ta yana fita ba iska kafin ka mayar da wuta. In ka kunna ta a bushe, a take za ta ƙone.

Za a yi maka tallar ɗan kofin nan mai duwatsu kamar ƙanƙara da ake ɗaurawa a bakin hita. Yana rage mannewar ƙanzo, amma ba ya cire komai daga ruwan, kuma duwatsun suna ƙarewa. Mai cirewa da gaske shi ne babban tulun da ake zuba wa gishiri, shi kuma kuɗi ne da hidima. Ka fara da wanki.

Ɗan Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi abin da kuka ce, ga yadda ta kasance.

Ruwan famfo da ƙarfe biyar na asuba digiri 19 na samu. Wuta 205 da hitar a kunne, da magariba kuma ta sauka ƙasa da haka. Ranar Asabar muka yi wankin da wani yaro mai aikin wuta. Rariyar da Mai Famfo ya ambata ban ma san da ita ba, mun zaro ta cike da jan yashi. Da muka kunna famfon iyakular, minti biyar na farko ruwan da ke dawowa ɗigo-ɗigo ne, sai ga kumfa, sai ga ɓaraguzai farare kamar fasasshen ɓawon ƙwai suna faɗowa cikin bokiti. Da awa ta cika ruwan ya koma kamar na alli, muka zubar muka sake haɗa sabo na rabin awa. Yanzu ƙarar ta tafi, ba ta kuma yankewa.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne yaron ya buɗe ya ga wayar ƙasa ba a jone take da komai ba, a naɗe kawai aka cusa ta. Kusan shekara guda Inna tana alwala a haka. Mun ja sabuwa, mun sa ELCB ɗin a ranar, ban bari an kwana ba.

Na kuma lura da wani abu. Ruwan da ke fitowa daga bohol kai tsaye digiri 30 na auna shi, a tanki ne yake hucewa cikin dare. Don haka yanzu nakan tayar da injin bohol da daddare kafin mu kwanta maimakon da safe, na kuma naɗe tankin da bututun da ke saukowa da tsofaffin buhuna. Shekaranjiya da asuba 24 na samu a famfo. Na nuna wa Inna inda za ta tsayar da kan famfon, na yi masa alama da jan fenti, don kada a ƙara matse shi har ya yi tururi.

Malama, saura tambaya ɗaya. Takardar gwajin da na samo ta nuna launin da ya wuce 180. Da irin wannan ruwan, duk wata nawa ya kamata in riƙa wankin?

Malamar Kimiyya:

Alhamdu lillahi. Da ruwan da ya haura 180, ka fara da duk wata uku a lokacin da ake amfani da ita kullum, da wanki ɗaya a ƙarshen Fabrairu kafin a bar ta ta zauna, domin ƙanzon da ya kwana wata takwas ya fi wuyar fita. Butar shayinku za ta riƙa gaya maka: ka wanke ta rana ɗaya da hitar, duk ranar da ka ga gindinta ya sake yin fari, lokacin hitar ma ya yi. A gaida Inna.