Ɗakina na Kwatano ya yi fumfuna, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwa. Na zo gida Maraɗi wankan jego, na bar ɗakina a kulle wata huɗu a Kwatano, unguwar Fijirose, daf da teku. Jiya maigida ya buɗe ya turo min hotuna. Bangon bayan almuwar (kabad ɗin tufafi) ya yi baƙi, takalman fata sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, shaddodina suna warin danshi, ƙarafan taga duk tsatsa, kwaɗon ƙofa ma sai da aka fasa shi. Ƙasan bango kuma fenti yana kumbura yana zubar da wani farin abu. Nan da sati uku zan koma da jariri. Don Allah me zan fara yi, kuma yaya zan hana ya dawo?

Wata Hajiya: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raya. Abin da muka saba da shi a Maraɗi shi ke ɓata gida a can. Mu nan ƙura muke gudu, shi ya sa muke rufe taga ruf, mu kwarara ruwa a ƙasa don ɗaki ya yi sanyi. Kwatano tana tsakanin teku da tafkin Nokuwe, iskarta a jiƙe take kusan duk shekara, ga damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ɗakin da aka kulle a wannan iska dole ya yi fumfuna.

A yi aikin kafin ki isa da yaron, don ƙurar fumfuna tana shiga ƙirji. A buɗe tagogi, a fitar da kaya duka. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu ta roba. Kada ya share baƙin wurin a bushe da tsintsiya, zai tashi ya bi iska ya sauka wani wuri. Ya fara wanke shi da ruwan omo da soso, sannan ya kawo jabel, wato ruwan bilic. Ki duba jikin kwalba: idan an rubuta 2,6%, lita 1 ake zubawa a ruwan sanyi lita 4. A shafa, a bari minti 15, a ɗauraye, a kunna fanka ta bugi bangon kwana biyu. Ruwan zafi yana kashe ƙarfin jabel, kwalbar da ta daɗe a ajiye ma haka, a sayo sabuwa.

Kuma ki ja kunnen mai aikin da kyau: ba a haɗa jabel da binegar, ko da ruwan wanke masai mai asid. Hayaƙi mai guba suke fitarwa, a banɗaki mara taga yana iya kayar da mutum.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. To shaddodin fa da katifa? Akwai Getzner guda uku a ciki, raina yana kansu.

Hajiyar ta ƙara: Jabel kada ya taɓa shadda, zai ci launin. A kai su waje a kakkaɓe, a shanya inda iska take, wadda ta yi tabo a wanke ta da sabulu mara ƙarfi. A goge da dutsen guga kafin a ninke, don a can tufa takan yi kamar ta bushe alhali da sauran laima a cikinta. Kada ki adana su a leda. Takalman fata kuwa, rabin ruwa rabin farin binegar a tsumma, a goge, su bushe a inuwa, a shafa musu mai. Katifar soso idan baƙin ya tsaya a riga, a wanke rigar a shanya soson yini biyu a rana. Idan kin matsa kin ji warin yana fitowa daga ciki, ki haƙura da ita, jariri ba zai kwanta a kai ba.

Wani magini: Ƴar uwa, farin garin nan na ƙasan bango ba fumfuna ba ne, jabel ba ya masa komai. Gishiri ne. Ruwan ƙasa a Kwatano kusa yake, bulo yana tsotso shi sama, ruwan ya bushe ya bar gishirin a ƙarƙashin fenti, shi ne yake tura shi ya kumbura. A kankare da burushin waya a bushe, a kwashe garin. Idan aka wanke da ruwa narkewa yake ya koma cikin bangon. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe wurin da fentin mai ko a manna karo (tayil), sai danshin ya rasa mafita ya hau sama da inda yake. Gyaran gaske sai an fasa shafen har ya wuce iyakar danshin da kamar rabin mita, a bar shi ya sha iska, a sake shafe da siminti mai maganin hana ruwa, da yashin da ba na bakin teku ba. Idan gidan haya ne, wannan aikin mai gida ne, maigidanki ya nuna masa. Ya kuma ɗaga kai ya duba dakalin rufi: in akwai tsaga mai jan tabo, rodin ciki ne yake tsatsa yana fasa siminti, wannan ba a jinkirta shi.

Wani mai walda: Tsatsar taga, ƙanwata, daga iskar teku take, tana ɗauke da gishiri tana ajiyewa a kan ƙarfe, gishirin kuma yana jawo laima. A goge da burushin waya da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a share da busasshen tsumma, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, kada a bari ya kwana. In ya bushe a bi da fentin mai shafi biyu. Wanda ya yi fenti a kan tsatsa ya yi asarar kuɗinsa, daga ciki za ta ci gaba da ci. Bayan haka duk sati biyu a ɗauraye tagogi da ƙofar waje da ruwan pampo a tsane. Kwaɗo ki sayi na tagulla, ki kankare bakin fensir ki hura a ramin makulli. Man gyaɗa daskarewa yake ya kama datti.

Mai gyaran kilim (na'urar sanyaya ɗaki, AC): Ƙari a kan nasu, ƴar uwa. Na'urar sanyi mai ruwa da muke ji da ita a Maraɗi lokacin bazara, kada ki ɗauke ta zuwa can, laima take ƙarawa ɗaki. Idan akwai kilim, nemi alamar ɗigon ruwa a rimot, wannan yana tsotse danshi. Ragar ciki a wanke ta duk sati biyu. Injin waje kuma sau ɗaya a wata a kashe wuta a watsa masa ruwan pampo a hankali, ban da matsi, don siraran fukafukan alminiyon suna lanƙwashewa. A duba tiyon da ke zubar da ruwa, in ya toshe bango zai riƙa sha. Almuwar da gado a janye su daga bango kamar santimita 10. Akwai ƴar na'urar auna danshi mai batir, ki rataya a ɗaki: idan tana wuce 70% kullum, fumfuna tana hanya, ƙasa da 60% ake so.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura guda: zan taho da gero, daddawa da kilishi daga gida, kuma da babbar salla zan sake barin ɗakin.

Hajiyar: Geron ki shanya shi sosai a nan kafin ki taso, ki zuba a jarka mai murfi, buhu ba ya tsare shi a can. Daddawa da kilishi firigo za su shiga, a kwano mai rufi. In za ki yi tafiya, ki bar ƙofofin almuwar a buɗe, ki jingine katifa a tsaye, ki ba wanda kika yarda da shi makulli ya riƙa buɗe tagogi sau biyu a sati da hantsi, ya rufe kafin la'asar.