Na ɗaga Hilux ɗina inci 2, yanzu tana karkarwa da gurnani, kambu ne ko farfela?

Manomin Suru:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara kafin in zubar da kuɗi. Hilux ce gare ni ƙirar 2012, dizal, mai ƙofa huɗu, da ita nike shiga fadama wajen Suru, kun dai san hanyar nan in damina ta zauna, kullum cikin motar na dukan ƙasa. Shi ya sa wancan watan na kai ta anka ɗaga ta kamar inci 2, gaba anka sa sabon sifirin da shokazoba, baya anka ƙara falle ɗaya, tayoyi ban taɓa su ba.

To tun ranar da na amso ta ba ta koma daidai ba. In na tashi daga tsaye, giya ɗaya zuwa biyu, sai in ji karkarwa ƙarƙashin kujerata har madubin ciki na rawa, in ta wuce kamar 30 sai ta lafa. In na hau kwalta tsakanin Kalgo da Bunza na kai 80 zuwa 90 kuma sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, wuuu, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ya ragu. Sannan in na murɗe sitiyari duka zan yi kwana akwai wani ƙas-ƙas-ƙas da ke hitowa gaban dama. Bakanikena ya ce kambun baya, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya yana juya su, shi ne ya tahi sai an buɗe, ni kuma hankalina bai kwanta ba don kafin ɗagawar shiru take. Mi kuka gani?

Ɗan Yauri:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka je a yi maka balansin da alaimen tukuna, duk motar da aka ɗaga dole alaimen ya gudu. Ni tawa haka ta yi.

Tsohon Bakanike, Jega:

Alaimen kam dole ne a yi shi ko don tayoyi kada su cinye gefe guda, amma ɗan uwa ba shi ne ciwon motar nan ba. Matsalar balansin a sitiyari ake jin ta kuma ba ruwanta da totur, ko ka taka ko ka saki tana nan. Shi kuwa ya ce da ya ɗaga ƙafa abin ke raguwa.

Alhaji kada ka bari a buɗe kambun nan yanzu, don Allah. Kambu ba ya lalacewa don an ƙara sifirin, kuma in anka buɗe shi hannun wanda bai iya saitin haƙoran ba to lafiyayyen ma zai fara kuka, na ga haka ya fi a ƙirga. Abin da ya faru shi ne, jikin motar da giyabos sun yi sama, kambu yana nan inda tayoyi suka aje shi, farfela kuwa, dogon ƙarfen nan mai juyawa da ke haɗa su, ta ƙara karkata. Shi kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke kowane bakinta, in yana aiki a karkace ba ya juyawa da sauri ɗaya, cikin kowane zagaye sai ya yi sauri ya rage sau biyu, kuros na ɗaya bakin ne ke kashe wannan rawar, da sharaɗin karkatar su ta zo ɗaya ko kusa, bambancin bai wuce digiri 1 ba. Da kunka ɗaga motar lissahin ya watse. Kuma taka mai ƙofa huɗu farfelarta guntu biyu ce da boris a tsakiya, irinsu sun fi saurin yin wanga karkarwa wurin tashi.

Ga gwajin da ba ka kashe ko sisi. Ka ɗora buhunan shinkafa biyar ko shida a baya, daidai saman kambu, motar ta zauna kamar yadda take da, ka tashi da ita kamar yadda ka saba. In karkarwar ta ragu ko ta ɓace to magana ta ƙare, karkatar farfela ce. Maganinta a sassauko da boris ɗin tsakiya ƙasa kaɗan da ƙarfe a tsakaninsa da shasi, ana farawa da siriri ana gwadawa ana ƙarawa, in bai isa ba a sa wej, wato ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, tsakanin sifirin da kambu don bakin kambun ya juya ya kalli inda ya kamata. Kada a yi da ido, akwai manhajar awon karkata a waya, a ɗora ta kan farfela da bakin kambu a ga lamba.

Gurnanin 80 ɗin nan kuma ina zargin kuros ɗin kansa. Shekara da shekaru allurorin cikinsa na birgima wuri ɗaya har sun yi wa kansu gurbi, yanzu an canza masu wuri suna hawa suna sauka kan tsohon gurbin. Ka sa cok a tayoyi, ka cire giya, ka shiga ƙasa ka kama farfelar da hannu biyu ka girgiza, in ka ji ɗan wasa ko ka ga jar ƙura kamar garin tsatsa a bakin kofin kuros ɗin to ya gama. Ka kuma tambaye su ko sun zare farfelar lokacin aikin, don in ba a yi mata alama ba anka maida ta haƙori ɗaya a goce, ita ma sai ta yi ta rawa.

Direban Zuru:

Baba ya gama magana kan baya, ni gaban zan taɓa don na sha wahalarsa. Wannan ƙas-ƙas wurin kwana shaf ɗin gaba ne, sibi join na waje, wato gaɓar shaf ɗin da ke kusa da taya. Hilux irin taka gabanta kowace taya da hannunta take, ba kamar tsohuwar mai kambu ɗaya miƙaƙƙe ba, to in ka ɗaga ta shaf ɗin ne ke sunkuyawa, robar da ke rufe join ɗin sai ta riƙa gugar kanta har ta tsage, giris ya fita, laka da yashin fadama su shiga. Leƙa bayan tayar dama, in ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim to shi ne. Kuma kada ka ce ai ban sa fo wil ba, in taka ba mai makulli a cibiyar tayar gaba ba ce shaf ɗin na juyawa ko kana tu wil. Inci 2 dai yana ɗauka, amma kar ka ƙara a kai.

Wani abu da ya fi ƙarar muhimmanci, a ɗaga motar a jak tayoyi su yi lilo a duba tiyon birki da wayar hambirki ko sun ɗame. Ni nawa tiyon baya ya ɗame kamar tsirkiya ban sani ba sai da wani yaro a gareji ya nuna min. A sake ɗaure yubol ɗin baya ma, wato ƙarafan da ke ɗaure sifirin da kambu, sabon sifirin yana zama bayan 'yan kwanaki sai notina su yi sako-sako.

Manomin Suru:

Allah ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai, Malam direba kai ma haka. Jiya da yamma na ɗora buhu shida na shanshera na tashi da ita sau kusan goma a filin bayan gida, wallahi karkarwar kusan babu, na sauke buhunan ta dawo. Yau da sahe munka shiga ƙasa da bakaniken, kuros na bakin kambu yana wasa kuma ga jar ƙurar nan da Baba ya faɗa, shi da kansa ya ce a bar kambu. Mun canza kuros, gurnanin 80 ya tahi. Robar shaf ta dama ma a tsage take, giris duk ya wanke cikin rim, na aika Birnin Kebbi a kawo sabo. Yubol biyu sun ɗauki kusan rabin zagaye.

Saura sassauko da boris ɗin tsakiya. Baba kaurin ƙarfen nawa za mu fara da shi, kuma tsohon noti zai kai ko sai an nemo dogo?