Masu koya wa Turkawa Turanci, yaya kuke fita da su daga can, must da should?

Bakano a Konya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta uku ke nan a Konya ina digiri na biyu, kuma nakan ɗan taɓa koyar da Turanci da yamma. Akwai wata ɗalibata ma'aikaciyar jinya da ke shirin YDS, jarrabawar harshen wajen nan ta ÖSYM, hukumar jarrabawa ta Turkiyya, mai tambaya 80 cikin minti 180. Lafiya lau muke tafiya har muka iso kan mataimakan aikatau, su *can, may, might, must, should*. Nan fa muka cije, sati uku muna wuri ɗaya. Shekaranjiya ta turo mini saƙo: *"Hocam, you mustn't come tomorrow, it is holiday."* (*Hocam* shi ne "malamina".) Wallahi sai da gabana ya faɗi, na ɗauka korata aka yi. Ashe nufinta hutu ne, ba sai na wahalar da kaina ba. Waɗanda suka riga ni a harkar nan, me kuka gani, kuma me ya yi muku aiki?

Malama a Izmir

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariya, don ni ma an "kore" ni haka ya fi sau uku. Laifin ba nata ba ne. Tun a makaranta aka haddace musu cewa *must* da *have to* ɗaya ne, sai suka ɗauka in an sa musu *not* ma ɗaya za su zama. Abin mamakin kuma, a Turkanci bambancin a fili yake: *gelmemelisin* hani ne, *gelmek zorunda değilsin* ko *gelmene gerek yok* kuwa ɗauke nauyi ne. Daidai da namu, "kada ka zo" daban, "ba sai ka zo ba" daban.

Ni na daina bayani da Turanci a wannan gaɓar. Nakan raba allo biyu, in rubuta *yasak* a hagu, wato abin da aka hana, in rubuta *gerek yok* a dama, in ce su kawo misalai daga rayuwarsu. Masallaci ya fi komai yi mini aiki: shiga da takalmi ya tafi hagu, sa hula ya tafi dama. Wani yaro ɗan shekara 15 ya ɗaga hannu ya ce to zuwa gidan kakarsa ranar sallah fa? Ajin ya ɗauki minti goma ana gardama da Turanci, wasu na cewa *have to*, wasu *should*. Ban tsoma baki ba. Daga ranar babu wanda ya sake haɗa mini su.

Ɗan Zazzau a Ankara

Ni nawa a tukunya na koye shi, ba a aji ba. Ina da aboki Baturke da muka zauna ɗaki ɗaya a shekarar farko. Bayan na kama gida na gayyace shi cin dafa-duka ranar Asabar, ya ce *"I can come on Saturday."* Na sayo kaza, na fasa yajin da na taho da shi daga gida wanda nake tattali kamar zinariya. Azahar shiru, la'asar shiru. Da na kira shi sai ya ce cikin mamaki, "Abi, ai ban ce tabbas ba." A ransa *gelebilirim* ya faɗa, kuma kalmar nan guda tana ɗauke da "zan iya zuwa", da "an yarje mini in zo", da "mai yiwuwa in zo". Ɗafin *-ebil* ko *-abil* shi kaɗai ke aikin *can* da *may* da *might*, su kuma *can* suka fara koya, sai ya zama makullin kowace ƙofa.

Dabarar da na gano daga baya ita ce a bi ta korewa, don a nan Turkanci da kansa yake raba su. *Gelemem*, ba zan iya zuwa ba, shi ne *I can't come*. *Gelmeyebilirim*, mai yiwuwa ba zan zo ba, shi ne *I might not come*. Duk sanda ɗalibi ya ce *can*, sai in tambaye shi: kishiyar maganarka wanne ne cikin biyun nan? In ya ce na biyu, to *might* yake nema. Kazar dai kwana uku na yi ina ci.

Abu Hanif

Ni *"I must to go"* da *"can you to help"* na fi ji. *Gitmek zorundayım* suke fassarawa, kuma an ce musu *-mek* shi ne *to*. Wannan ba ya wuce sati biyu in ana ƙwanƙwasa tebur duk sanda ya fito. Kada ka ɓata lokacinka a kansa, Malam.

Hajiyar Laleli

Ni ba malama ba ce, 'ya'yana, kaya nake sarowa a Istanbul, amma bari in sa baki. Zuwana na farko wani mai shagon dogayen riguna ya tambaye ni *"Do you drink tea?"* Na ce e, ina sha da safe. Kafin in rufe baki yaro ya shigo da tire, ga ɗan kofin gilashin nan mai siririn ƙugu da sukari biyu a gefe. Ashe tayi ake mini. *Çay içer misiniz* suke juyawa kai tsaye, inda Bature zai ce *would you like*.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne mai cewa *"Abla, you must take this colour."* Na ce ikon Allah, da kuɗina za a yi mini dole? Na ajiye rigar na fita. Ɗiyata da ke karatu a can ce ta fahimtar da ni cewa shawara bawan Allah yake ba ni, *almalısınız*, "ya kamata ki ɗauka". Wai *-meli* da *-malı* nasu yana cin "dole" da "ya kamata" gaba ɗaya. Na koma washegari na sayi dozin biyu, launin kuma ya karɓu a Kantin Kwari. Ku koya musu *should*, don Allah, suna asarar ciniki.

Ɗan Zazzau a Ankara

Hajiya Allah ya ƙara kasuwa. Af, akwai kuma *lazım*, da suke sawa a kusan kowace magana. Ranar da na fara jin *gitmem lazım*, wato dole in tafi, sai na tuna lazimin da kakana ke yi bayan asuba. Tushen Larabcin ɗaya ne.

Tsohon Ticha

Ku yi haƙuri, zan taɓa mu ma. Kafin mu gyara na wasu, mu saurari bakinmu. *"I can be able to"* da *"I will like to"* daga gida muka taho da su. Wata ɗaliba a Sakarya ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar darasi, ta buɗe littafinta ta nuna mini *would like*, ta ce, *"Hocam,* wanne ne daidai?" Na yi gumi a watan Janairu. Turkawa ba su da sakin baki, amma nahawun takarda sun riƙe shi gam, kuskurenka ba zai wuce su ba.

Game da ɗalibarka, abin da jarrabawa ta fi so shi ne na abin da ya riga ya wuce, kuma abin daɗin, nan ne harsunan biyu suka fi dacewa. Ka yi mata da misalin asibiti. *İlacı içmiş olmalı*, lalle ya sha maganin, *must have taken*. *İçmiş olamaz*, ba yadda za a yi a ce ya sha, *can't have taken*. *İçmeliydi*, ya kamata a ce ya sha amma bai sha ba, *should have taken*. *İçebilirdi*, da ya so da ya sha, *could have taken*. Sai dai ka kula, za ta ce *drink the medicine*, don su ma shan magani suke yi kamar mu, har taba shan ta suke. Sannan ka tambaye ta ko YÖKDİL, ɗaya jarrabawar harshen waje, ba zai isar mata ba, tunda shi yana da ɓangaren kimiyyar lafiya.

Bakano a Konya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na gwada allon Malama da misalan ɗakin majinyata: wanke hannu, kashe waya, kawo wa mara lafiya abinci daga gida. Cikin jimla 12 ta ci 10. Na maganin Tsohon Ticha kuwa ita ta ƙarasa mini na huɗun da kanta. Yau da safe ta turo: *"I might be late, hocam, you don't have to wait outside."* Ban tsaya a waje ba, na shiga shagon shayin da ke ƙasan benen. Sati mai zuwa *would* da *used to* za mu shiga, wanda ya taɓa fama da su ya taimaka kafin Talata.