Neman suna: 'yan robobin nan da ke riƙe murfin ƙofar mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce gilashin ƙofata ya ƙi tashi, na kai wa mai rewaya. Ya zura sukudireba ta gefen murfin cikin ƙofar ya banƙara, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Da murfin ya fito, ga fararen robobi huɗu sun kakkarye, kawunansu a jikin murfin, gindinsu maƙale a ƙarfe. Na tambaye shi sunansu, ya ce kilif. Tun ranar ƙofar ke karkarwa duk sanda na shiga gargada.

Kilif bai ishe mu ba. Na riƙe takarda kilif ne, na ɗaure tiyo ma kilif ne. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce a ba ka kilif, sai an ce kawo tsohon mu gani. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Wani dattijo mai gyaran bodi ya ce a kira su ƙusar roba. Baba, na karɓa, amma ga iri ɗaya kawai: wanda ke riƙe bamba da robar da ke saman taya. Shi yana da tsinke a tsakiya. In an danna tsinken sai ƙafafunsa su buɗe ta bayan ƙarfe su riƙe. Wajen cirewa, wani irin ana ɗaga tsinken da bakin sukudireba siriri, wani kuwa ana ƙara tura shi ciki kaɗan, sai ƙafafun su tsuke ya fito salin-alin. Wanda ya finciko shi ba tare da ya taɓa tsinken ba, karya shi zai yi.

Na ƙofa kuwa ni maɓalli nake so. Dubi tushen kalmar: a ɓalla, a ɓalle, a sake ɓallawa. Don haka aka yi shi, ba don a fasa a yar ba. Yaron gareji da aka ce wa "ɓalle maɓallan ƙofar" hannunsa zai yi sanyi, ba kamar wanda aka ce wa "ɓamɓaro murfin" ba. Kuma mai ɓalle riga ai yatsa yake kaiwa daidai kan maɓallin. Haka nan ma: a fara kwance sukurorin da ke ɓoye a bayan hannun buɗe ƙofa da cikin mariƙi, a soma daga kusurwar ƙasa, a lalubo inda kowane maɓalli yake, a ɗaga daga gindinsa, ɗaya bayan ɗaya. In sun saki, a ɗaga murfin sama ya bar bakin gilashi, sannan a zare wayoyin a hankali.

Akwai na uku mai zara-zara a jiki, wanda Turawa suka sa wa sunan bishiyar Kirsimeti. Wata 'yar'uwa ta ce ƙarangiya, saboda naci. Ya yi kyau, sai dai ni da na ɗora shi a tafin hannu ƙayar kifi na gani: shiga da sauƙi, fita da gardama. Don haka, mai ƙayar kifi. Wannan in ya tsufa, zafin rana ya gasa shi shekara da shekaru, da wuya ya sake moruwa. Da sanyin safiyar hunturu roba ta fi saurin karyewa, gara a bar motar ta ɗan sha hantsi.

Saura abin cirewar, mai baki a tsage kamar kofaton akuya. An ce maɓamɓari, ban yarda ba, ɓarna ce a cikin sunan. Ina tsakanin maciri da kofaton akuya. Iyayenmu masu gareji, wanne ya fi zama a bakinku?