Wasbul ali da Hausa: a taimaka kafin gobe

Malama, Kassala: Assalamu alaikum. Gobe bayan la'asar zan zauna da 'yan matan da yaƙi ya koro daga Wad Madani, ina so in ba su labarin Yaroslava Mahuchikh, 'yar wasan tsalle ta ƙasar Yukren. Ita ma yaƙi ya tashe ta a 2022, ta kwana uku a mota kafin ta isa Belgrade, kuma a can ta ci zinare da mita 2.02. Yaran nan sun san irin wannan zaman mota. Sunan wasan ne ya tsaya mini. Wasbul ali muke cewa da Larabci a nan Sudan, wato wasan da ake tsallake sandar da aka gitta a sama, ni kuwa da Hausa nake so su ji.

Baban Sumayya, Jidda: Wa alaikumus salam. Tsallen badake.

Yaya, Gadarif: Badake na ji ana kiran gudun tsallake shingaye da shi, har da tsallen da ake dogara sanda. Zai rikita yara. Tunda akwai dogon tsalle, wannan tsallen bisa ne kawai.

Kawu, Makka: Kun kalli yadda take yi kuwa? Tana zuwa a karkace, ta juya wa sandar baya, kai ya fara wucewa, ƙafafu su biyo, ta faɗa kan katifa a rigingine. Tsallen rigingine! Sunan da kansa yana koyar da wasan.

Yaya: Kawu, wannan salo ne. Dick Fosbury ne ya yi fice da shi a Olamfik na 1968 a Meksiko. Kafin nan ciki ake ba sandar, wasan kuma shi ne dai.

Kawu: Wa ke yin na ciki yanzu? Da ta tsallake mita 2.10 a Paris ran 7 ga Yuli 2024, ta shafe tarihin duniya na 2.09 ɗin da Stefka Kostadinova ta kafa tun 1987, ba a rigingine ta sauka ba?

Baban Sumayya: Ni "bisa" ɗin ne bai kwanta mini ba. A Kano sama muke cewa. Kuma gaskiya Hausarku ta Sudan rabinta Larabci ce.

Yaya: Haba Alhaji. Kakanninmu sun baro gida tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu, har yau da Hausa muke yi wa 'ya'yanmu faɗa. Naka da aka haifa a Jidda, da wane harshe suke amsa maka?

Baban Sumayya: Ba cin fuska nake nufi ba, Hajiya.

Yaya: To ka daina auna mu da Kano.

Malama: Don Allah a yi haƙuri, cajin wayata ya kusa ƙarewa. Na gwada wa ƙanwata duka ukun. Da na ce tsallen sama, sai ta tambaya ko daga jirgi ake dirowa. Tsallen bisa ta gane nan take. Shi zan ɗauka. Rigingine kuma zan sa shi in na zo bayanin yadda take sauka.

Baban Sumayya: A wurina dai badake ne, amma Allah ya ba da sa'a.

Kawu: Rigingine ba sunan wasan ba ke nan, an rage masa daraja. To shi ke nan. Amma ki auna musu 2.10 ɗin a bango da gawayi, su tsaya a ƙasansa su ɗaga kai.