Filet ɗin kulochin tsohon CG125: in mayar ko in sake?

Ɗan Mai Jan Babur:
Assalamu alaikum. Shawarar masu sana'a nake nema. Babur ɗin mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, Honda CG125 irin na farkon fitowa. Ya shekara goma sha ɗaya jingine a zaure, har kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Bana na ce sai na tashe shi. Na sauke inji, na sake ringi, yanzu na iso kan kulochi.

Da na buɗe, filet ɗin, wato faifayen faiba da na ƙarfe da ke jere a cikin kulochi, duk sun manne da juna kamar an sa musu danƙo, da ƙyar na rarraba su. Na ari ma'aunin kauri wurin maƙwabcina mai gyaran janareto, na auna na faiba ɗaya bayan ɗaya: daga milimita 2.7 sai 2.8. Littafin babur ɗin ya ce sabo wajen 3 ne, kuma sai ya kai 2.6 ake yar da shi. Ke nan ba su ƙare ba tukuna. Amma na tuna kafin a ajiye shi, in Baba ya goyo ni muka zo hawan tudu, sai injin ya yi ta kuka, babur kuwa bai ƙara sauri ba. In kauri bai ƙare ba, me ya sa yake zamewa?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Yaro, ma'auni kauri kawai yake gaya maka, ba ya gaya maka ko faibar tana da rai. Sa farce ka danna ta. In ta yi tauri tana sheƙi kamar bayan tangaran, ta mutu, ko da 3 cif ta nuna. Ka kuma shinshina, wadda ta ƙone ba ta ɓoye warinta.

Na ƙarfen kuma ka wanke su, ka kwantar da kowanne a kan gilashi, ka gwada zura siririn ƙarfen nan da ake saita bawul da shi, mai 0.2. In ya shige ta ƙarƙashi, filet ya karkace. In ka ga shuɗi-shuɗi a jikinsa, ya sha wuta.

Amma ni zargina yana kan sifirin ɗin nan huɗu. Jera su a tsaye kusa da sabo. Sifirin da ya gaji gajarcewa yake yi, ba ya matse filet yadda ya kamata, sai kulochi ya riƙa zamewa alhali faiba na da kauri. Sau nawa aka kawo mini babur an sake filet har sau biyu, ashe sifirin ne.

Mai Yamaha 100:
Ƙari a kan maganar Tsohon Bakanike, ka tambaya a gida wane baƙin mai marigayi yake zubawa. Kulochin nan cikin mai yake wanka. Wasu mayukan mota akwai sinadarin ƙara santsi a cikinsu, su kaɗai sun isa su sa shi zamewa. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Ni dai da ni ne, in faibar ba ta yi tauri ba, tsofaffin zan mayar. Na taɓa sayen sababbi a kwali mai kyau, wata biyu suka rududduge, na tarar da garinsu cikin mai.

Ɗan Mai Jan Babur:
Baba, na gode ƙwarai. Na yi yadda kuka ce. Farcena ko alama bai bari ba a jikin faibar. Na ƙarfe ɗaya ne ya karkace. Sifirin kuwa duka huɗun sun gaza sabo, ba sai an auna ba, ido ma ya gani. Sai wani abu da na lura da shi: bakin kwandon kulochin, inda kunnuwan filet suke zama, ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto.

Tsohon Bakanike:
Wannan tsagar ita ke hana filet sakin juna, ka ja hannun kulochi babur na neman tafiya, giya na ƙin komawa firi. In ba ta yi zurfi ba, bi ta da magagari a hankali, ka daidaita bakin kawai. Kada ka ci da yawa, kunnuwan za su samu wurin wasa su riƙa ƙara. Faiba da sifirin ka sake su duka, kar ka gauraya tsoho da sabo, kuma ka jiƙa sababbin cikin baƙin mai su kwana kafin ka ɗaura. Tunda ka riga ka cire matatar man nan mai juyawa kafin ka kai ga kulochi, buɗe ta ka kankare dattin da ya daskare a ciki. Notinta mai tsaga huɗu ne, ka aro soket ɗinsa wurin masu gyara, ban da kurfi da guduma.