Yaran makarantar Lahadi sun watse da saukar damina, yaya zan yi?

Maman Alheri:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya cika mini ciki.

Ni da maigidana an turo mu aikin bishara wani ƙauye a kudancin jihar Katsina a watan Nuwambar bara. Ba zan faɗi sunan garin ba. Daga bakin kwalta sai an yi kusan awa ɗaya a kan babur, in rafi ya kawo kuwa sai dai a zauna a jira ya sauka. Majami'ar ginin ƙasa ce da rufin kwano, benci shida, manya masu zuwa sujada ba su wuce ashirin da biyar ba. Maigida yana da wa'azi da ziyara, ni kuma aka bar mini yara, tunda koyarwa na karanta kafin aure.

Da rani abin gwanin sha'awa. Ranar Lahadin Ista na ƙirga yara arba'in da uku a gindin darbejiyar bayan majami'a. Ganin firamaren da ke kusa tana da nisa, sai na buɗe ajin karatu Talata da Alhamis da hantsi. Wani guntun katako na samu na shafe shi da baƙin tsohon batir, ya zama allo. Akwai wani yaro mai kamar shekara goma, kullum da gorar ruwa rataye a wuya, wanda cikin sati uku ya kama ba, be, bi, bo, bu. Ranar da ya iya rubuta sunansa sai ya je ya zana shi da gawayi a jikin rumbun babansa, manya-manyan baƙaƙe. Uban ya zo har gidanmu wai ƙara ya kawo, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ruwan shuka na sauka a watan Yuni sai aji ya fara zubewa. Ashirin, sha biyu, Lahadin da ta wuce bakwai, uku a cikinsu ma 'yan goye ne da yayyensu suka ajiye mini. Na bi gida-gida, ko'ina amsa ɗaya ce: "Za su zo, Malama." Ba sa zuwa. Na cire daga kuɗin cefane na sayo alewa da biskit ranar kasuwa, yara talatin suka cika gindin itace, satin da babu alewa muka koma bakwai ɗinmu. Da haushi ya kama ni na sa maigida ya yi magana a kan bagade game da iyayen da ke fifita gona a kan Maganar Allah. Tun ranar wani dattijon ikilisiya yake amsa gaisuwarmu a taƙaice.

Ga kuma takardar rahoto da za mu aika ofis ƙarshen wata, akwai gurbin yawan yara. Wata uku ke nan ɗan alawus ɗinmu bai zo ba, ina jin kunyar rubuta bakwai, kada a ce zaman banza muke yi.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi hana ni barci. 'Yarmu Alheri ta cika shida. Mamata a Zariya ta ce a kawo mata ita ta shiga makaranta. Sau biyu zazzaɓi yana kayar da ita tun Yuli. In na ta da maganar sai maigida ya yi shiru. Wanda ya taɓa irin wannan zaman, don Allah ya ba ni shawara.

Tsohon Mai Bishara:

'Yata, sannu da aiki. Jikana ne ya karanta mini rubutunki, shi ne kuma yake buga amsar nan, ni idanu sun yi rauni. Na yi shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki a ƙauyuka huɗu, kuma abin da maigidanki ya yi a kan bagade ni ma na yi shi a daminata ta fari. Har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Bari in tambaye ki, kuna da gona? Ban ga kin ambata ba. In babu, gobe maigidanki ya je wurin maigari ya roƙi aron ko 'yar ƙarama ce. Shukar gero ta wuce, amma wake bai makara ba. Sai kin duƙa da fartanya za ki gane inda yaranki suka tafi. Noman fari ba ya jiran kowa, gonar da aka bari kwana bakwai a watan Yuli ciyawa ta ci ta. Ana gamawa sai maimai. Dabbobi kuma ba a sakinsu da damina don kada su yi ɓarna, dole wani ya kai su kiwo ko ya yanko musu ciyawa a turke, wannan wanin kuwa shi ne yaron nan naki mai gora. Hatsin bara yana ƙasan rumbu, sabo bai nuna ba. Uban da ya tura ɗansa gona da hantsi ba gāba yake yi da Allah ba, tuwon watan Maris yake nema. Ke kin sa ajinki a daidai lokacin da gari ya fi bukatar hannu.

Marigayiya matata ga yadda take yi. Da damina ba ta kiran yaro da rana ko kaɗan. Bayan tuwon dare, musamman in akwai farin wata, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta ce "ga ta nan, ga ta nanku." Gizo da Ƙoƙi tukuna. In sun taru sun yi dariya sai ta kawo labarin Dawuda yana kiwon tumakin babansa, ko na tunkiyar da ta ɓata a Luka 15. Ba ta taɓa wahalar bayyana shi ba, don kusan kowane yaro a wurin ya taɓa ɓatar da akuya ya sha duka. Misalin mai shuka a Markus 4 kuwa lokacin shuka take ba da shi, yaran su ne ke gaya mata wace ƙasa ce fako, wace ce jigawa. Ku yanzu ma kuna da fitila mai cajin rana, mu da aci-bal-bal muka yi. Minti talatin ya isa, jikinsu a gajiye yake. Makarantar Lahadi ki mayar da ita yamma liƙis ki gani.

Alewa ki bari. Yaran za su zo don ita, iyayen da ba na ikilisiya ba kuma za su ce sayen 'ya'yansu ake yi, kuma maganar in ta fita ba ta komowa. A kan wannan ina so ki ji ni da kyau: duk yaron da gidansu ba masu bi ba ne, Musulmi ne ko masu al'adar gargajiya, kada ya zauna a tabarmarki sai ubansa ya sani. Maigidanki ya je ya faɗa masa a fili abin da ake koyarwa. In ya ce karatu da lissafi kaɗai ya yarda, to a tsaya a nan, kada a yi masa wayo. In ya ce a'a, ku ci gaba da gaishe shi, ku je masa suna da jana'iza. Maƙwabcina na ƙauye na biyu liman ne, bai taɓa turo ɗansa ba, amma shi ya ba ni jakinsa na kai matata asibiti.

Dattijon nan kuma ku je gidansa da sassafe ku biyu, ku ba shi haƙuri ba tare da dogon bayani ba. In an kira gayya a gonarsa ki dama kunu ki kai. Da ɗan gari akan ci gari.

Rahoto kuwa, rubuta bakwai. Ki ƙara layi ɗaya a ƙasa: damina ce. Wanda zai karanta, in ya taɓa zaman ƙauye zai gane. Ki tuna su Bingham, 'yan mishan da suka zo bishara daga ƙasashen waje, su uku ne suka sauka Legas a 1893, cikin kamar shekara ɗaya biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, kuma sai a 1902 aka samu kafa tasha ta fari a Patigi. Me kike tsammani aka riƙa rubutawa a rahoton shekarun nan? Ajin karatun nan naki ma kada ki raina shi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, yawancin iyayenmu a irin wannan aji suka koyi baƙaƙe, a gindin itace, wurin matar mai bishara.

Maganar Alheri na bar wa wasu. Ni na tura nawa duka biyar, ban tabbata na yi daidai ba.

Ma'aikaciyar Likita daga Maraɗi:

'Yar'uwa, ina gaisuwa daga Nijar. Baba ya gama magana a kan aji, ni masassarar Alheri ta tsaya mini a rai. Sau biyu cikin wata biyu ba abin wasa ba ne. An gwada jininta kuwa, ko magani kawai aka saya a kasuwa? In an fara maganin a cika kwana ukun nan, ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Ta kwana cikin sange kullum, gidan sauro kuke cewa a wajenku, a duba in ya yage a ɗinke. In yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amai da duk abin da aka ba shi, kada a jira rafi ya sauka, a san yadda za a yi a ƙetare.

Ki sani kuma, cikin yaran da ba ki gani ba, ba duka ke gona ba. Wasu suna kwance a ɗaka. Agusta da Satumba su ne watannin da gadajenmu ke cika, masassara da zawo da tamowa gaba ɗaya. Akwai maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya kowane wata a damina, kwana uku a jere. Ki tambaya ko masu rabon suna isowa garinku. Sau da yawa ana ba da na ranar farko, uwa ta manta da sauran biyun, nan za ki yi amfani. Ki koya wa Zumuntar Mata ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma kada ki zama mai yin allura ko sayar da ƙwayoyi, na ga matan masu bishara da suka shiga uku ta wannan hanya. Asibitin Galmi na nan Nijar da mishan ta buɗe a 1950 har gobe mutane na zuwa daga nesa, har daga Najeriya, kuma abin da ya fi ɓata rai shi ne yaron da aka kawo a makare.

Ɗan Mai Bishara:

Yaya, ni ne irin Alherin da aka tura. Ina da shekara bakwai aka ɗora ni a motar kasuwa da akwatin kwano zuwa gidan kawuna. Na yi karatu, yau ina aiki, ban isa in ce ba a yi mini gata ba. Amma sau biyu a shekara nake ganin iyayena, kuma na daɗe ina jin cewa yaran ƙauyen can su ne 'ya'yan mamata na gaske, ni kuwa an ajiye ni gefe don kada in hana aikin Allah. Ba wanda ya faɗa mini haka, ba wanda kuma ya zaunar da ni ya faɗa mini akasin haka.

Baba, ka gafarce ni, na ji daɗi da ka ce ba ka tabbata ba. Babana bai taɓa faɗa ba.

Ke malama ce. Abin da ake koya wa 'yar shekara shida a aji ɗaya da aji biyu ba abin da ya fi ƙarfinki. In ni ne, zan riƙe ta shekara biyu tukuna, sai in lafiyarta ce ta ƙi. In kuma ta tafi, gidan kaka ya fi gidan kowa, a sa ranar da za a riƙa kiranta a waya, a kuma gaya mata dalili da bakin babanta. Shirun da maigidanki yake yi, ki tambaye shi ko shi ma an taɓa tura shi.

Maman Alheri:

Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka. Ku yi haƙuri da jinkiri, sai na hau tudun bayan gari nake samun sabis.

Baba, mun je gidan dattijon. Bai bar maigida ya gama ba ya ce ya wuce, sannan ya riƙe mu kusan awa ɗaya yana ba mu labarin mai bisharar da ya fara zuwa garin. Shi da kansa ya yanka mana gefen gonarsa, mun shuka wake. Tafin hannuna duk ya yi kanta, matan suna ta yi mini dariyar yadda nake riƙe fartanya.

Tabarmar dare mun yi sau huɗu. Daren farko tara, jiya sha tara, har da 'yan mata biyu da ban taɓa gani da rani ba. Wata tsohuwa ta ce ban iya tatsuniya ba, ta karɓe, yanzu ita ke yin Gizo ni in biyo baya. Na rubuta bakwai a rahoton, alawus dai har yanzu shiru.

Yaya ta Maraɗi, kin yi gaskiya. Yaron nan mai gora ba kiwo ya hana shi zuwa ba, kwana shida ya yi a kwance ban sani ba. Maigida ya kai shi asibiti a babur tare da babansa, an gwada, zazzaɓin cizon sauro ne, yanzu ya fara cin abinci. An gwada Alheri ita ma, ba a samu komai ba wannan karon.

Ɗan'uwa, na yi wa maigida tambayar da ka ce. Yana da shekara takwas aka tura shi. Mun kai tsakar dare muna magana. Ba mu yanke ba tukuna, Mama ta ce za ta zo da kanta in an cire amfanin gona, mu zauna mu uku.